Likita, Ruwan Famfonmu Ya Zo Ja: Tambayoyinku Kan Ruwan Sha

Assalamu alaikum. Tun da damina ta kankama, Gulbin Rima ya cika, kusan duk saƙonnin da ke iso mini daga cikin Sakkwato kan ruwan sha ne. Ga waɗanda na zaɓo.

Daga wata uwa a Mabera: Likita, in aka ɗauke ruwa kwana biyu ko uku, ranar da ya dawo sai ya zo ja kamar an dama ƙasa. Nakan jefa alam ya kwanta ya yi garau. Yara za su iya sha haka?

Hajiya, a'a, kada ki ba su tukuna. Alam laka yake tattarawa ya kwantar a gindin bokiti, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yana iya yin garau kamar hawaye alhali ƙwayar taifot ko ta kwalara na ciki, don ido ba ya ganinsu.

Bari in bayyana miki inda jan yake fitowa. Ruwan da ake sakowa daga Madatsar Goronyo ya biyo Rima, a matatar ruwa ana sa masa alam, a tace shi ta cikin yashi, sannan a zuba kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. To amma tsakanin matata da gidanki akwai bututu mai nisa. Muddin bututun na cike, ƙarfin ruwan da ke ciki waje yake turawa, ko da akwai huda. Da zarar an ɗauke ruwa bututu ya zama fanko, sai hudar ta koma tsotso. In kuwa bututun ya ratsa kwata, kamar yadda muke gani a lunguna da yawa, ruwan kwatar ne zai shiga ya zauna, ya jira ranar da za a sako ruwa ya iso randarki. Sau da yawa ma hudar tana jikin siririn bututun roba da aka jawo daga bakin titi zuwa cikin gida ne, ki sa a duba naku.

Ki bar na farkon ya zuba har ya washe, a yi wanki ko ban ruwan shuka da shi. Na sha kuma, bayan alam ki tsiyaye na sama ki tafasa, ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In itace ko gas ya yi tsada, kuma na san ya yi, ki sayi ƙwayar kulorin ta tsaftace ruwa a kemis, ki bi adadin da aka rubuta a jikin takardarta, ki jira minti 30 kafin a sha.

Daga wani magidanci a Gawon Nama: Ruwanmu yana warin magani, iyalina sun ƙi sha. Ba zai cutar da ciki ba?

Malam, wannan warin ni murna nake yi in na ji shi. Alama ce kulorin ya iso gidanka da ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a bakin famfo, kuma wannan ɗan adadin ba ya illa. A zuba a mazubi mai tsabta, a rufe da ƙyalle, bayan 'yan awoyi warin zai ragu.

Daga wata matar aure a Runjin Sambo: Mu daga 'yan garuwa muke saye, sun ce na burtsatse ne. Amma ɗana mai shekara biyu bai rabuwa da gudawa.

'Yata, ko ruwan ya fito da tsabta daga burtsatse, jarkar da aka ɗauko shi yaushe rabon da a wanke cikinta? Sannan randar ɗaki: moɗa ɗaya kowa ke tsomawa, har da hannun yaron da ya taso daga fo. Randa na sanyaya ruwa, a zafin Sakkwato ba zan ce a yar da ita ba. A riƙa wanke ta duk bayan kwana biyu, a rufe da faifai, a ɗebo da ludayi mai dogon hannu wanda ba a sha da shi.

Shi kuma yaron, duk lokacin da ya yi zawo ki ba shi ruwan gishiri da sukari. In babu na leda, ki haɗa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki haɗa masa da ƙwayar zinc ta miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, kada ki hana shi abinci. Amma in kin ga zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko jini, ko idonsa ya zurma, ko ya kasa sha, ki kai shi asibiti a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne. Kwalara kan kashe cikin awoyi. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma jiharmu na cikin inda ta yi ɓarna. Har yanzu ina tuna yaran da aka kawo mana a makare a wannan shekarar.

Daga wani dattijo a Arkilla: Farin abu na daskarewa a butar shayina. Shi ke kawo tsakuwar ƙoda?

Baba, farar ƙasa ce da ke narkewa a ruwan ƙarƙashin ƙasa, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina. Ba ita ce abin tsoro ba. Ƙarancin shan ruwa ya fi kawo tsakuwa, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ka sha har fitsari ya zama fari-fari.

Daga wani matashi a Ƙofar Rini: Bututu ya fashe a cikin kwatar layinmu. Wa za mu gaya wa?

Madalla da kai, ƙanena, wannan aikin lafiya ne tsantsa. Ku je ofishin hukumar ruwa da ke kula da yankinku, kada ku tsaya ga faɗa da baki ga ma'aikacin da ya biyo ta layi. Ku rubuta takarda mai ɗauke da sunan unguwa, daidai wurin da ya fashe da ranar da kuka fara gani, mai unguwa ya sa hannu, ku riƙe kwafi. Ku tafi da hoton wurin, da rasidin kuɗin ruwa na wasu gidaje, da ruwan a cikin gora mai tsabta. Ku nemi sunan sashen da zai zo gyara, ku koma bayan 'yan kwanaki ku tuntuɓa. In gidaje biyu ko uku sun fara amai da gudawa lokaci ɗaya, ku sanar da duba-gari na ƙaramar hukuma ko asibiti mafi kusa a ranar. Kafin a gyara, kowane gida a layin ya tafasa ruwan sha, har da na wanke kwanon jariri.