Baba na shan maganin Fakinson amma kamar ba ya yi mashi aiki

Salamu alaikum Tanti, barka da ƙoƙari. Don Allah ki taimaka min da shawara kaina ya ɗaure. Babanmu baduku ne nan cikin Birni, tun muna yara da ɗinkin jaka da takalmi ya riƙe mu, yanzu hannunshi na dama ko basilla ba ya iya riƙewa sai karkarwa, tafiya ma sai jan ƙafa. Likita ya ce Fakinson ne ya rubuta mashi Modopar, da farko wallahi mun ga sauƙi har masallaci yana zuwa da kanshi amma yanzu sai mu ba shi mu zauna jira shiru. Da safe nakan dama mashi fura da nono mai kauri ya haɗiye ƙwayar da ita saboda in cikinshi babu komi tashin zuciya take sa shi, har wani maƙwabcinmu ya kawo mashi Primpéran ya ce shi ke tsaida amai, kullum yana sha. Ga shi sai ya yi kwanaki bai zaga ba. Yanzu gida ya rabu biyu, gwaggonmu ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne sammu ne a bar ɓarnar kuɗi a kai shi wajen malam, yayana kuma da ke aiko kuɗin magani daga Agadas ya ce a ninka mashi ƙwayar kawai. Ni ke jinyarshi amma ba a jin maganata. Ya zan yi?

Ɗiyarki daga Damagaram

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Kar a tsaida mashi Modopar, kar kuma a ninka. Yanke wannan magani lokaci guda na iya sa jiki ya sandare, zazzaɓi mai zafi ya rufe mutum ya rikice har ta kai ga kwanciya asibiti, ninkawa da ka kuma tana kawo jiri da gane-gane da motsin jiki wanda mutum ba ya iya tsaidawa.

Abin da ya fi tada min hankali a wasiƙarki shi ne Primpéran ɗin nan. Ciwon Fakinson yana zuwa ne in ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da wani sinadari da ake kira dofamin suka riƙa mutuwa, shi kuma levodopa da ke cikin Modopar yana shiga ƙwaƙwalwa ne ya koma dofamin. To Primpéran aikinshi toshe wurin da dofamin ke kamawa. Kin ga kenan ana zuba ruwa a randa wani na fasa gindinta. Ko mai lafiya in ya daɗe yana shan shi yana iya fara karkarwa balle Baba. Maƙwabci da niyyar alheri ya kawo, na sani, amma a ajiye shi, ki kira likita ki faɗa mashi tun yaushe ake sha, akwai maganin tashin zuciya da ba ya faɗa da na Fakinson shi zai rubuta in ya ga da bukata.

Sai furar. Ba gero ne matsalar ba, nonon ne. Levodopa a ƙaramin hanji yake shiga jini, kuma hanya ɗaya yake bi da abin da jiki ke tatsa daga nono, nama, ƙwai, wake, in suka haɗu sai a yi cunkoso kaɗan ne zai wuce. Ki ba shi ƙwayar da ruwa cike da kofi kamar minti 30 kafin ya ci abinci ko awa 1 bayan ya ci, in zuciyarshi na tashi ɗan biskit ko koko mara madara ya isa. Ban ce a hana tsoho furarshi ko kilishi ba fa, ramewa ma wata matsalar ce, a dai raba masu lokaci. In yana shan ƙwayar ƙarin jini ita ma a nisanta ta da kamar awa 2. Rashin zagawar nan kuma ba ƙaramin abu ba ne, cikin da ya ƙulle yana riƙe magani ya hana shi isa inda zai yi aiki, a yawaita mashi ruwa musamman da zafin garin nan namu, da zogale, kuɓewa, gwanda, kuma ya riƙa ɗan takawa tsakar gida.

Tunda kin ce da farko ya ji sauƙi, ni hakan ya kwantar min da hankali, alama ce jikinshi na karɓar maganin. Sai dai ciwon yana ci gaba a hankali, ƙwayar da a da take kai shi har azahar bayan 'yan shekaru sai ta riƙa sakinshi tun da hantsi. Wannan gyaran likita ne, wani lokaci ba ƙara yawa ake ba, rarraba shan ake a yini. Kuma kar ki auna da rawar hannu kaɗai don ita ta fi taurin kai, duba ko yana tashi daga tabarma da sauƙi, ko yana iya sa maɓallin riga. Ki samu ɗan kaye ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ya sha, me ya ci, yaushe jiki ya saki yaushe ya sake ɗaurewa, ko na mako 1 ne. In kuwa kika ga ya rikice cikin kwana biyu ba zato, a kai shi a duba fitsari da zazzaɓi, su ke yawan tada ciwon tsofaffi haka.

Gwaggo kar ki yi musu da ita, ba za ki ci ba. A yi addu'a, a yi sadaka, babu wanda ya hana, sharaɗin kawai maganin na nan a lokacinshi kuma duk wani jiƙo ko gari sai likita ya sani. In ta sake cewa sammu ki tuna mata Muhammad Ali ɗan dambe, a 1984 aka gano mashi wannan ciwo ya rayu da shi har 2016.

Yayanki kuma ki karanta mashi amsar nan a waya, ki ce kuɗin da zai ƙara na ƙwaya ya aiko na mota, a koma wajen likitan da kayen da duk kwalayen da Baba ke sha har na maƙwabcin, ku kuma roƙi a haɗa ku da likitan jijiya ko da sai an je Yamai.

Tanti