Tambaya da Amsa: Koya wa Ɗalibai Rabon Adalci da Alƙaluma

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Ɗalibaina sun iya fitar da kaso cikin ɗari, amma da zarar na ba su abin da bai ishi kowa ba, sai su raba shi daidai wa daida su ce an yi adalci. Ta ina zan ɓullo musu?

Amsa: Malam, fara musu da abin da ba ya gutsuruwa. A ce buhun taki 50 za a raba wa ƙauyuka uku masu manoma 125 da 233 da 142. Lissafi bisa yawan manoma zai ba su 12.5 da 23.3 da 14.2, kuma idan kowane ƙauye ya ɗauki cikakkun buhunansa, 49 sun tafi, saura ɗaya. Ƙa'idar da ake jingina wa Alexander Hamilton, wani tsohon ɗan siyasar Amurka, ta ce a ba mai ragowa mafi yawa, wato ƙauyen farko. Ita ma tana da tangarɗa, domin bayan ƙidayar Amurka ta 1880 an gano cewa jihar Alabama za ta samu kujeru 8 a majalisa mai kujeru 299, amma su koma 7 idan kujerun suka kai 300.

A ganina, inda darasin yake da nauyi shi ne zaɓen ma'auni. Ka ƙara musu alƙaluman faɗin gonakin kowane ƙauye, su sake rabon, za su ga mai samu ya koma mai rashi alhali ba wanda ya yi kuskuren lissafi. Daga nan sai ka kawo tsarin rabon kuɗi tsakanin jihohin Nijeriya, inda kashi 40 cikin ɗari ake raba shi daidai, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma goma-goma bisa faɗin ƙasa, da ƙoƙarin tara haraji, da bukatun ci gaban al'umma. Su sauya waɗannan kason su duba jihar da za ta ƙaru da wadda za ta ragu.

Waɗanda suka taɓa karatun gado a Islamiyya ba baƙi ba ne a nan. Idan mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, rabi da biyu bisa uku sun haura dukiyar, sai a yi auli, a mayar da asalin rabon daga 6 zuwa 7, kowa ya ragu gwargwadon kasonsa. Wajen ba da maki kuwa, ka nemi kowane rukunin ɗalibai ya rubuta ma'aunin da ya zaɓa, da dalilinsa, da ƙauyen da zaɓin ya tauye.