Rabbi ne ko macuci? Amsa ga ƙanena mai shirin jarrabawar Turanci ta IELTS

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana gwajin sauraro, ka ji Bature ya ce "cita", ka rubuta cheater, wato macuci, ashe cheetah yake nufi, har ka fara zargin kunnenka. Kwantar da hankalinka, kunnenka lafiya lau. A bakin yawancin mutanen Ingila kalmomin biyu sauti ɗaya ne, domin ba sa furta r a ƙarshen kalma sai in wasali ya biyo baya. Ba'amurke yana jan r ɗinsa, mutumin Sikotilan ma haka, amma a nan Manchester ba za ka ji shi ba.

Cheetah shi ne rabbi, ba damisa ba, ita leopard ake ce mata. Rabbi siriri ne mai dogayen ƙafafu, ɗigon jikinsa baƙi ne cike, ga baƙin layi daga ido zuwa gefen baki kamar kwalli ya zubo. Gudunsa yana kai kilomita 100 a awa, babu dabbar tudu da ta kai shi, sai dai ba ya daɗewa a kai. Har yanzu akwai 'yan kaɗan a Nijar, wajen Termit. Abin yana damuna, yaranmu sun san cheetah a talabijin amma ba su taɓa jin rabbi ba.

Kalmar ma aro ce. Daga harshen Hindi na Indiya Turawa suka ɗauko ta, tushenta kuma Sanskirit ne, tsohon harshen can, ma'anarta mai dabbare-dabbare. Sarakunan Indiya sun riƙa farautar barewa da shi. A 1952 aka bayyana cewa ya ƙare a ƙasar, sai a 2022 aka kawo wasu daga Namibiya zuwa gandun dajin Kuno na Indiya.

A hirar yau da kullum, inda za ka ji ta bai wuce uku ba: kwatanta mai gudu, shagon kaya inda ake kiran yadi mai ɗigo-ɗigo cheetah print, da bakin yara. 'Yata ta taɓa dawowa daga makaranta da kacici-kacici, wai me ya sa ba a karta a daji? Amsar ita ce cheetahs sun yi yawa. Ka ga su kansu sun san sautin ɗaya ne, shi ya sa wasan ya zauna.

To ta yaya za ka raba? Da zancen da ke kewaye. In ana batun gandun daji ko gudu, rabbi ne. In jarrabawa ce ko caca ko cin amanar aure, macuci ne. Kuma mutumin Ingila ya fi cewa cheat ga mai maguɗi, cheater ta fi yawa a Amurka.

Kafin ranar jarrabawar, ka riƙa sauraron BBC Radio 4 ko da minti 20 kullum, ka kasa kunne ga teacher, water da better, ka ji yadda r ɗin yake ɓacewa. Ka turo mini ranar da aka sa muku. Ka gaishe da su Inna.

Yayanka