Mariƙin bindigar kakanku, gyara shi ake ba a yar ba

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka. Kace mariƙin katako na ƙaramar bindigar da kakanku ya bari ya tsage ta wajen sukuru, kana tambaya wai a al'ada sabo ake sawa ko gyarawa ake. Toh masu riƙon irin wannan kayan gado basa yar da mariƙi na asali, ko an sa sabo tsohon naɗe shi ake a ajiye. Kuma ba don tunawa da mai ita kaɗai ba, da yawa a masana'anta da hannu aka daidaita katakon da jikin wannan bindigar ita kaɗai, shi yasa masu ƙera bindiga na kamfanin Smith & Wesson suke buga lambar bindiga a cikin ɓarin dama na mariƙin, wasu bindigogin Luger na Jamus ma zaka ga lambobi biyu na ƙarshe a ciki. Bindigar Colt 1911 ta Amurka da mariƙin katakon walnot ta fara fitowa, a yaƙin duniya na biyu aka koma roba, kaga kenan mai katakon asali ba abin wasa bane.

Kafin komai ka cire gidan harsashi ka duba cikin bindigar da idonka, kar kace ai tsohuwa ce. Sannan wajen kwance mariƙin ka nemi sukudireba wanda bakinsa ya cika ramin sukurun daidai, in ya yi ƙanƙanta zai cinye kan.

Inda mutane suke faɗuwa shine mai. Shekara da shekaru ana shafa wa ƙarfe mai yana gangarowa katako yana sha, har kaga wajen yayi baƙi yayi laushi, kuma gam baya kama katako mai maiƙo ko nawa ka zuba. Sai ka kwaɓa garin alli da asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi, ka shafa a tsagar ka bari ya bushe, zakaga allin ya koma ruwan ƙasa, man ne yake tsotsowa, ka kakkaɓe ka sake har sai ya daina canja kala, a waje zakayi mai iska nesa da wuta, kuma iya wajen tsagar don asiton yana cin tsohon shafen. Bayan nan ka buɗa tsagar kaɗan da tsinke ka tura gam ɗin efoksi mai jinkirin bushewa, ba mai minti 5 ɗin nan ba, ka naɗe da robar tayar keke, ka goge wanda ya tsatso tun yana ɗanye, ka barshi ya kwana. In wani ɓalli ya fita, ka kankaro garin katakon daga ciki inda ba'a gani ka haɗa da gam ɗin ka cike.

Don Allah kar ka sa samfefa. Wannan zanen ƙananan murabba'ai da ya lafe, da santsin da gefen yayi, tafin hannun kakanku ne ya yi su, in ka goge basa dawowa. Tsohon buroshin haƙori ya isa fitar da datti. Banish, shafen nan na katako mai ƙyalli, ma a'a, ɗigon man linsid na shafa katako a yatsa ka murza ka share, tsumman kuma ka shanya shi a buɗe don in an dunƙule yana iya kama wuta da kansa.

Wajen mayarwa sukurun ya zauna kawai ka tsaya, yawanci ɗaurin ƙarfi ne ke jawo irin wannan tsagar. Ƙarfen kuwa kar ka taɓa, aikin mai gyara ne mai lasisi, kuma ka tabbatar takardun bindigar sun dawo sunan wanda ya gaje ta. Ka turo min hoton cikin mariƙin in ga ko akwai lamba.