Tambaya da Amsa: Me wayar hannu ta farko take iya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Jikana ne ya nuna mini hoton wata waya mai girman bulo, da eriya a ka kamar ta rediyo, ya ce wai ita ce wayar hannu ta farko a duniya. Don Allah me take iya yi? Tana tura saƙo? Kuma in mutum ya same ta yau, ya sa mata layi, za ta yi aiki? Allah ya ƙara basira.
Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Amin, na gode. Jikan naki ya faɗi gaskiya. Daga yadda kika siffanta ta, wannan ita ce DynaTAC 8000X ta kamfanin Motorola na Amurka, wadda hukumar sadarwa ta ƙasar ta amince a sayar a 1983. Kafin ita akwai wayoyin da ake girkawa a cikin mota, har ma Japan ta buɗe irin wannan sabis a Tokyo tun 1979, amma waɗancan suna maƙale da motar. Wannan ce ta farko da mutum zai saya ya fita da ita a hannunsa.

Asalinta ya girmi haka da shekara goma. Ranar 3 ga Afrilun 1973, injiniyan Motorola Martin Cooper ya tsaya a bakin titi a birnin New York da samfurin gwaji mai nauyin fiye da kilo ɗaya, ya kira Joel Engel na cibiyar binciken sadarwa ta Bell Labs, abokin gasarsa a wannan aiki. Duk sanda na tuna wannan kiran nakan yi mamakin haƙurin mutanen nan, domin sai da suka ƙara shekara goma suna gyara da jiran izini kafin abin ya kai kasuwa.

Kin tambayi abin da take iya yi. Magana kawai, Hajiya. Ki kira, a kira ki. Ba saƙo, ba hoto, ba intanet. Fuskarta ɗan siririn layi ne mai jan haske da ke nuna lambar da kika danna, kuma tana iya ajiye lambobi 30. Bayan maɓallan lamba, akwai na aika kira, na katsewa, na ajiye lamba da na kulle waya. Saƙon tes na farko sai ranar 3 ga Disamban 1992 aka tura shi a Ingila, a kan tsarin GSM, wanda wani tsarin sadarwa ne dabam da na wannan wayar.

Nauyinta ya kusa giram 800, kuɗinta kuma a lokacin da ta fito kasuwa dala 3,995 ne. Batirin na ɗaukar kusan awa 10 yana caji, sannan ya ba ki maganar minti 30 kacal. Nan ne mutane da yawa suke dariya, ni kuwa ba na ganin abin dariya a ciki. Batiran wancan zamani na nikel da kadmiyam ne, masu nauyi da ƙarancin riƙe wuta, ga shi wayar tana bukatar ƙarfi sosai don muryarki ta kai tashar da ke nesa, tun da turakun sadarwa ba su da yawa a lokacin. Batirin nan yana cikin manyan dalilan girman da kika gani a hoto.

Abin da ya fi burge ni ma ba a ganinsa a hoton. An raba birni gida-gida, kowane yanki da tasharsa. In kina tafe kina magana kika fita daga wani yanki kika shiga wani, tashar farko za ta miƙa kiran ga ta biyu ba tare da ya yanke ba. Haka kuma zangon rediyon da ake amfani da shi a wannan unguwa, ana iya sake amfani da shi a wata unguwa mai nisa, sai layukan suka ishi jama'a masu yawa. Daga wannan rabon ne kalmar salula ta samo asali, domin "cell" ake kiran kowane yanki da Turanci. A birnin Chicago aka fara buɗe wannan sabis ga jama'a a Amurka, a watan Oktoban 1983, da tsarin da ake kira AMPS.

Tsarin yana da babban aibi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Murya na tafiya a iska tsirara kamar shirin rediyo, don haka duk wanda ke da na'urar kama zango yana iya sauraren hirar mutane. Ɓata-gari kuma sukan kwafi lambar shaidar waya su yi kira, a caji mai ita.

Batun layi kuwa, babu inda za ki sa shi, domin ba ta da gurbin sim. A cikin jikin wayar ake shigar da lambar mutum. Sim ya zo ne tare da GSM, a farkon shekarun 1990. Ko da an samu batirin da zai tayar da ita yau, za ta kawo haske amma ba za ta sami tashar da za ta amsa mata ba, saboda manyan kamfanonin Amurka sun kashe tsarin AMPS tun 2008.