Binciken irin shuka a ƙasashen sanyi: ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai digirin noma zai samu aiki a wannan fanni. Zai samu, amma sai ya ɗora da digiri na biyu ko na uku a kan kyautata iri.

Babbar damuwar manoman can ita ce ƙarancin lokaci. A Saskatchewan ta Kanada, kwanakin da sanyi ba ya kashe shuka sun ɗan haura 100 ne kawai, shi ya sa ake neman alkama da sha'ir masu nuna da wuri. Alkamar hunturu kuwa ba ta fitar da kai sai ta sha sanyi na makonni, kuma dole ta rayu ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan shi ne aikin, kuma sabon iri ɗaya yakan ci wajen shekara 10.

Duba cibiyar kyautata irin shuka ta Jami'ar Saskatchewan, wato Crop Development Centre, wadda aka kafa a 1971, da SLU, jami'ar kimiyyar noma ta Suwidin. Kamfanonin iri ma suna ɗaukar ma'aikata.

Ka dage da lissafin ƙididdiga da manhajar R da ake yin wannan lissafi da ita, don nan da yawa suke tuntuɓe. In ka taɓa gwajin wake ko masara mai saurin nuna a cibiyar binciken noma ta Samaru, ka faɗa a wasiƙar da za ka aika wa farfesan da kake son ya kula da bincikenka.