Me ya sa ledar fotoresis ke ɓallewa daga allon da'ira?

Tambaya: Malam, ina haɗa allon da'irar lantarki a gida da busasshiyar ledar fotoresis, shuɗiyar nan da ake haskawa don fitar da layukan da'ira a kan jan ƙarfen da ke fuskar allon. Ina manna ta da dutsen guga, amma sai ta yi kumfa, kuma wajen wanki siraran layuka su ɓalle. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, yawanci laifin ba na ledar ba ne, na jan ƙarfen ne. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana ta kamawa. Goge allon da soson ƙarfe mai laushi da sabulun wanke-wanke har ya yi ja fes, ka ɗauraye, sannan ka gwada: in ruwa ya shimfiɗu a kansa, ya wanku, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo, sake gogewa. Daga nan ta gefe kawai za ka riƙe shi. A lokacin hunturu rufe tagogi, domin duk ƙwayar ƙura ɗaya kumfa ɗaya ce.

Ledar hawa uku ce: fotoresis ɗin a tsakiya, da ledar kariya gaba da baya. Manna salatif gaba da baya a kusurwa ɗaya, ka ja. Ɓangaren mai taushi, marar sheƙi, shi ake cirewa yanzu. Mai sheƙin kuwa sai bayan an haska.

Ni na fi son mannawa da ruwa. Fesa ruwa mai tsabta kaɗan a kan jan ƙarfen, ɗora ledar ta fuskar da ka ɓare, daga gefe guda, ka bi da tsohon katin banki kana tura ruwan da iskar waje, daga tsakiya zuwa baki. Sai zafi, wajen digiri 100 zuwa 110 a ma'aunin Celsius. Injin laminatin ya fi dutsen guga nesa ba kusa ba, don yana matsawa daidai. Wuce da allon sau uku ko huɗu. In dutsen guga ne, rage wutarsa, ka sa takarda a tsakani. Zafi in ya yi yawa, ledar takan yamutse, ta ƙi wankuwa. Duk wannan a ƙarƙashin kwan fitila ruwan ɗorawa, nesa da hasken rana.

Sai haskawa: ɗora zanen da'irarka a kan ledar, ka haska da hasken UV, wato hasken nan da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin hasken rana. Ka tuna inda hasken ya taɓa shi ke tauri ya zauna, don haka layukan ne za su zama garau a zanenka, haske na ratsa su, saura baƙi. Bayan haskawa jira minti 15 kafin ka cire mai sheƙin. Ruwan wanki, mai cire inda hasken bai taɓa ba, giram 10 na sodiyam kabonet (sodar wanki) ne a lita ɗaya na ruwa, ɗumi kamar digiri 30. Kada ka kuskura ka sa soda mai ƙuna ta masu sabulu a nan, ita ce ke kwashe ledar gaba ɗaya, aikinta sai bayan sinadari ya gama cinye jan ƙarfen da ledar ba ta rufe ba.